Maki, kashbak, jerin kwanaki ko kankare kati: wace garaɓasa za ka sa a manhajarka?

Duk wanda ya taɓa fitar da manhaja ya san yadda abin yake. A makon farko mutane su yi ta saukewa, a wata na biyu ka duba ka tarar yawancinsu ko buɗe ta ba sa yi. Daga nan sai shawarwari su fara zuwa. Wannan ya ce a sa maki, wancan ya ce mutanenmu kashbak kawai suka sani, mai haɗa manhajar kuma ya ce a yi jerin kwanaki irin na Duolingo, manhajar koyon harsuna. Kowanne a cikinsu yana aiki a wani wuri, kuma kusan kowanne ya taɓa jawo wa wani kamfani asara ko zagin kwastomomi. Wannan rubutu na wanda ya rasa wanne zai ɗauka ne, ko gidan abinci gare shi mai rassa uku, ko manhajar sayar da data, ko ta koyar da karatu.

Abin da za a auna da shi

Tambayar da ke gaba da komai ita ce: in babu wata kyauta, sau nawa mutum yake buƙatar abin da kake sayarwa? Garaɓasa tana iya sa mai zuwa sau biyu a mako ya zo sau uku, ko ya zaɓe ka ya bar maƙwabcinka. Ba ta iya sa wanda ya sayi firij bana ya sake saye watan gobe. Amsar wannan tambaya kaɗai za ta kore maka rabin zaɓin da ke ƙasa.

Bayan ita, ma'auni huɗu ne.

Na farko kuɗi, kuma lissafi biyu ne a ciki: abin da kyautar ta ci daga aljihunka, da abin da kwastoma yake ganin ya samu. In na biyun ya fi na farkon, tsarin yana da kyau. In sun zo daidai, rangwame kake yi kawai ka sa masa wani suna.

Na biyu ɗorewa. Bayan ɗokin sabon abu ya wuce, tsarin zai ci gaba da jawo mutane? Ranar da ka so rage shi, za a bar ka lafiya? Wannan tambaya ta biyu ita ake mantawa da ita, alhali bayarwa ba ta da wuya, janyewa ce ke haifar da rigima.

Na uku sauƙi: sauƙin ginawa, da sauƙin bayani. In mai karɓar kuɗi a kanta ba zai iya bayyana tsarin da numfashi ɗaya ba alhali akwai layi a bayan kwastoma, to ba zai bayyana shi ba ko kaɗan.

Na huɗu haɗari: 'yan maguɗi, hukuma, da mutuncin kasuwancinka.

Maki

Wannan shi ne tsohon hannu. Ka saya, a rubuta maka wani adadi, in ya taru ka canza shi da kaya. Mafi sauƙin nau'insa katin hatimi ne: ka ci faranti goma, na sha ɗaya kyauta. Gyaran da mai awo ke yi wa wanda ya saba saye a wurinsa ne, sai dai an rubuta shi an sa masa ƙa'ida.

Ta fuskar kuɗi, a nan maki ya fi kowa, muddin kayanka ne kake bayarwa. A ce farantin shinkafa naira 3,000 ne, abin da ya ci wajen dafawa kuma 1,500. Mutum ya ci goma, ya kashe 30,000. Na sha ɗayan da ka ba shi, a idonsa kyautar 3,000 ce, wato kashi 10 cikin 100. A littafinka 1,500 ce, kashi 5. Wannan tazarar ita ce ribar tsarin gaba ɗaya. Ga kuma waɗanda za su tara hatimi shida su ɓace, ba su karɓi komai ba.

Akwai wata dabara da bincike ya tabbatar. A 2006 wasu malamai biyu, Joseph Nunes da Xavier Drèze, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a wani wurin wankin mota. An raba katuna iri biyu. Na farko yana da gurabe takwas, duk babu komai. Na biyu yana da gurabe goma, amma an riga an buga hatimi a biyu. Duka biyun wanki takwas ake buƙata. Waɗanda suka cike na farko kashi 19 ne cikin 100, na biyu kuwa kashi 34. Mutum ya fi son ƙarasa abin da ya ga an fara. A manhaja wannan ba ya cin ko sisi: ranar da mutum ya yi rajista, kada ya ga sifili.

Matsalar maki tana wajen ɗorewa, domin kowane maki da ka bayar bashi ne a wuyanka. Ba salon magana ba ne: ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya, IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta wa kamfanoni su ware wani ɓangare na cinikinsu su rubuta shi a matsayin alhakin da ba su sauke ba tukuna, sai an karɓi makin ko wa'adinsa ya ƙare. Kamfanin sadarwa na Safaricom a Kenya ya fara shirin makinsa, Bonga Points, a 2007, maki ɗaya kan kowane shilin 10 da aka kashe. Shekaru suka tafi, makin da ba a karɓa ba ya taru ya kai biliyoyin shilin. Da kamfanin ya sanar a ƙarshen 2022 cewa makin da ya wuce shekara uku zai daina aiki, sai maganar ta kai kotu. Da tun ranar farko aka rubuta wa'adi, ba wanda zai ce uffan. A Starbucks, kamfanin shagunan shan kofi na Amurka, makin mafi yawan mambobi an daɗe ana sa masa wa'adin wata shida, mutane sun saba.

Starbucks ɗin ma ya sha nasa. Kafin 2016, tauraro ɗaya (sunan makinsu ke nan) ake ba mutum kan kowace ziyara, taurari 12 su ba shi abu kyauta. Sai wasu suka gano cewa in suka ce a raba musu sayayya gida biyu, taurari biyu za su samu, layi ya riƙa tsawo. Kamfanin ya koma ba da taurari biyu kan kowace dala, kyauta kuma sai an kai 125, wato sai an kashe dala 62 da rabi. Mai shan kofin dala biyu, wanda a da dala 24 ke isar shi, ya ga an mayar da shi baya, aka yi ta ƙorafi. A Fabrairun 2023 kuma kofin da ake karɓa da taurari 50 ya koma 100. Darasi biyu ne a nan: ka lissafa maki bisa kuɗin da aka kashe tun farko, kuma ka fara da ƙaramin alkawari wanda za ka iya ƙarawa.

A Najeriya, inda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, akwai ƙarin abin lura. Makin da mutum ya tara lokacin da faranti yake 2,000, zai zo karɓa lokacin da ya kai 3,500. Haka wanda ya yi alkawarin gigabait ɗaya ya ji a jikinsa da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wanda ya ce “data ta naira 500” bai ji komai ba. Gajeren wa'adi da alkawari da naira su ne garkuwa.

Ginawa ba ta da wahala sosai, amma akwai abu ɗaya da za ka dage wa mai haɗa manhajar a kai: kada ya ajiye jimilla kawai, ya ajiye littafin shiga da fita, kowane maki da ranarsa da dalilinsa da wanda ya shigar. Ranar da wani ya zo yana rantsuwa an cinye masa maki, littafin nan ne zai raba gardama. In kuma ba ka shirya gina taka ba, akwai manhajojin kanti irin su Loyverse da ke zuwa da tsarin maki a ciki, ka gwada da su tukuna.

Ɓarawon maki kuwa yawanci ba daga waje yake ba. Kwastoma ya biya ya tafi bai ba da lamba ba, yaron kanta ya shigar da tasa ko ta ƙaninsa. Duba rahoton ƙarshen mako: lambar da ta ci abinci sau tara a yini ɗaya, kuma duk a hannun ma'aikaci ɗaya, ba kwastoma ba ce.

Kashbak

Wato a mayar wa mutum wani kaso na abin da ya kashe, tsabar kuɗi a asusunsa. OPay da PalmPay sun saba wa 'yan Najeriya da shi wajen sayen katin waya da data da biyan kuɗin wuta. A sauƙin bayani babu na biyunsa. Ba sai an yi wa kowa lacca ba, naira 50 naira 50 ce.

Wannan sauƙin shi ne tsadarsa. Babu tazara tsakanin abin da ka biya da abin da aka ga an samu. Ɗauki mai manhajar sayar da data. A ce yana samun data ta naira 1,000 a kan 970, ribarsa 30. Ya ga manya suna ba da kashi 5, shi ma ya sa. Yanzu kowane ciniki yana fitar da 50 ya karɓi 30. In aka yi masa ciniki dubu goma a wata, naira 200,000 ta tafi, kuma yadda kasuwa ke ƙara buɗewa haka ramin ke ƙara zurfi. Manyan da yake kwaikwayo kuɗin masu zuba jari suke ƙonawa don su mallaki kasuwa, sannan suna cin riba ta wasu ƙofofin, kamar na'urorin POS da ba da bashi. Shi ba shi da waɗannan ƙofofin.

Ɗorewarsa ma ba ta da ƙarfi. Wanda kashbak ya kawo, kashbak ne zai ɗauke shi. Akwai mutane da yawa da ke da manhajojin kuɗi uku ko huɗu a waya ɗaya, kafin su sayi data sai sun leƙa kowacce sun ga wadda ta fi bayarwa yau. Irin waɗannan ba naka ba ne, haya kake yi.

Ana iya gyara shi kaɗan. A sa rufi, misali kada ya wuce wani adadi a wata. A sa ya zama kuɗin da ba a iya cirewa, sai dai a sake sayayya da shi a cikin manhajar (ka lura, da zarar ka yi haka ya koma maki mai sunan naira, kuma a ganina hakan ya fi). Ko a ɗora shi kan ɗabi'ar da kake son shukawa kawai, kamar ciniki na biyu da na uku, tunda a nan ake yawan rasa mutane.

Haɗarinsa babba ne saboda tsabar kuɗi ce. Mutum biyu su riƙa tura wa juna kuɗi suna kwasar kaso, ko a saya a karɓi kashbak sannan a soke cinikin. Kada ka biya sai ciniki ya tabbata, kuma in an mayar da kaya a janye abin da aka bayar.

Jerin kwanaki

A nan ba a ba mutum komai sai lamba: yau kwana 40 ke nan a jere kana shigowa, in ka tsallake gobe ta koma sifili. Duolingo, manhajar koyon harsuna da aka buɗe wa jama'a a 2012, ita ta fi shahara da shi, kuma tana da miliyoyin mutane da jerinsu ya haura shekara. Snapchat ma yana da nasa tsakanin abokai biyu. Abin da ke tuƙa shi tsoron asara ne: wanda ya tara kwana 200 zai tashi ƙarfe sha ɗaya na dare ya yi darasin minti uku, ba don yana marmari ba, don kada ya rasa su.

Ta fuskar kuɗi kusan kyauta ne. Shi ya sa kowa ke son sa, shi ya sa kuma ake liƙa shi inda bai dace ba. Jerin kwanaki yana da ma'ana ne kawai in abin da ake yi kullum yana amfanar mai yinsa: hadda, koyon harshe, motsa jiki, shan magani, ajiye ɗan kuɗi. Manhajar kanti da ke cewa ka shigo kullum ka danna maɓalli ka karɓi maki biyar tana samun lambobi masu kyau a rahoto, amma masu dannawar ba saye suke yi ba.

Rauninsa ranar da ya karye. Wanda ya rasa jerin kwana 150 sau da yawa ba ya sake farawa, goge manhajar yake yi da haushi. Duolingo ya san haka, shi ya sa yake da abin daskarar da jeri, wanda ke rufe wa mutum ranar da ya tsallake. Snapchat kuwa daga 2023 ya fara karɓar kuɗi don maido da jerin da ya karye. A wurinmu wannan sassaucin dole ne, ba ado ba. Wuta tana ɗaukewa kwana biyu, sabis ya ɓace, mutum ya tafi ƙauye biki ko ta'aziyya, ga hidimar Sallah. Jerin da ke hukunta mutum kan laifin kamfanin wuta ba zai yi farin jini ba. Mafita ita ce a ƙirga da mako, a ce kwana huɗu cikin bakwai sun wadatar, a kuma bar manhajar ta rubuta aikin da aka yi babu intanet ta aika daga baya.

Ginawa tana kama da abu mai sauƙi, amma tana da tarko. Yaushe rana take ƙarewa, da agogon wayar mutum ko na kwamfutar kamfani? In na waya ne, zai mayar da kwanan wata baya ya cike gurbi. In na kamfani ne kuma aka saita shi da lokacin wata ƙasa, mutumin Zinder zai yi darasinsa da dare a ce masa ya makara.

Matakan daraja

Azurfa, zinare, lu'ulu'u: a raba kwastomomi mataki-mataki bisa cinikinsu, kowane mataki da gatansa. Kamfanonin jiragen sama ne suka raine shi, tun bayan da American Airlines ya buɗe shirinsa na AAdvantage a 1981. Kuɗinsa yana da sauƙi in gatan da ake bayarwa na hidima ne: a fara sallamarka, a kai maka kaya kyauta, ka samu lambar da mutum zai ɗauka ba na'ura ba. Yana da amfani inda mutane kaɗan ne ke kawo mafi yawan ciniki, kamar dilolin da ke sari.

Sai dai sauke mutum daga matsayi ya fi hana shi tun farko ciwo. A Satumban 2023 kamfanin jiragen sama na Delta a Amurka ya tsaurara sharuɗɗan samun daraja, manyan kwastomominsa suka yi ca, shugaban kamfanin Ed Bastian ya fito ya amsa cewa sun wuce gona da iri, a Oktoba aka sassauta. Sabuwar manhaja mai mutum dubu biyu ba ta da abin yi da matakai biyar. Wannan na shekara ta biyu ne, bayan ka san su wane ne manyanka.

Tukwicin gayyata

Ka kawo wani, a ba ka, a ba shi. A gaskiya wannan na kawo sababbi ne, ba na riƙe tsofaffi ba, amma tunda kullum ana cusa shi cikin maganar, ga yadda yake.

Misalai biyu sun isa. PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, a farkonsa, wajen 1999 zuwa 2000, tsabar kuɗi ya riƙa rabawa, dala 10 ga sabon shiga, 10 ga wanda ya kawo shi. Ya samu jama'a, ya kuma kashe dala miliyan gommai kafin ya rage ya daina. Dropbox, kamfanin ajiyar fayil a intanet, ya ɗauki dabarar amma ya canza abin bayarwa: ƙarin wurin ajiyar fayil ga mutum biyun. Cikin wata 15 ya tashi daga masu rajista 100,000 zuwa miliyan 4. Wurin ajiya bai ci wa Dropbox kuɗi sosai ba, ba shi da amfani ga ɗan damfara, kuma duk wanda ya karɓa ya ƙara zuba kayansa a ciki, fita ta ƙara yi masa wuya.

In tsabar kuɗi za ka bayar, ka sani akwai masu layukan waya da yawa da wannan ne aikinsu: su gayyaci kansu, su kwashe, su tafi. Kada a biya kan rajista. A biya bayan sabon ya yi ciniki na gaske, zai fi kyau na biyu, kuma a ɗaure asusu da abin da ba a iya ninkawa, kamar BVN ko NIN in harkar ta kuɗi ce. Wani abu kuma: dokokin Google Play da na Apple sun hana ba mutane kyauta don su yaba manhaja ko su ba ta taurari a shagonsu. Ana iya cire manhaja a kan haka.

Kankare kati da juya taya

Mutum ya kankare kati ko ya juya taya a fuskar waya ya ga abin da ya ci. Maimakon kowa ya samu kaɗan, wasu su samu da yawa, mafi yawa su samu “sake gwadawa”. Google Pay ya yi amfani da katin kankarewa sosai a Indiya tun fitowarsa a 2017 da sunan Tez. Kuɗinsa yana hannunka tunda kai ke tsara rabon, kuma yana sa zumuɗi fiye da komai a makonnin farko. Daga baya mutane su gane cewa tara cikin goma babu komai, zumuɗin ya koma tsaki.

Haɗarinsa ya fi na kowa. Kuskure ɗaya a lissafi ya isa. A Mayun 1992 Pepsi a Filifin ya sanar da 349 a matsayin lambar da ta ci peso miliyan ɗaya, ashe an buga ta a murafen kwalba kusan 800,000. Aka yi zanga-zanga, aka ƙona motocin kamfanin, aka rasa rayuka, shari'a ta ɗauki shekaru. Sai doka: Google da kansa ya cire mazauna jihar Tamil Nadu daga irin wannan garaɓasa saboda dokar jihar. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa harkar caca da reful hurumin jihohi ce, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Ma'ana kowace jiha da nata hukunci, kuma a shekarar ne Hisba ta rufe shagunan caca a Kano. Ko da lauya ya ce maka taka ba caca ba ce tunda ba a sayen tikiti, tayar da ke juyawa a fuskar waya ta isa ta sa wani magidanci ya goge manhajar ya kuma hana iyalinsa. Ni dai ba zan sa shi a manhajar da ake nufin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da ita ba.

Ga su a jere

| Tsari | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Maki ko hatimi | Matsakaici, ƙasa da abin da ake gani | Mai kyau in akwai wa'adi | Matsakaici | Tarin bashi, maguɗin ma'aikata |
| Kashbak | Mai tsada | Rauni | Mafi sauƙi | Asara, asusun bogi |
| Jerin kwanaki | Kusan kyauta | Mai ƙarfi har ya karye | Bayani sauƙi, gini da tarko | Fushi in ya karye |
| Matakan daraja | Kaɗan in hidima ce | Mai ƙarfi ga manya | Mai wuya | Rigimar sauke mutum |
| Gayyata | Ya danganta da abin bayarwa | Gajere | Sauƙi | Masu gayyatar kansu |
| Kankare kati | Yana hannunka | Gajere | Sauƙi | Doka, addini, kuskuren lissafi |

Ko wanne ka ɗauka

Za ka so ka san ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, kuma a nan ake yawan yaudarar kai. Rahoto zai nuna maka masu tara maki sun fi sauran saye. To dama su ne masu sayen, shi ya sa suka shiga. Hanyar gane gaskiya ita ce ka ware mutum ɗaya cikin goma ba tare da zaɓe ba, kada a nuna musu garaɓasar na wata biyu ko uku, sannan ka kwatanta: cikin kowane ɗari, nawa suka dawo bayan kwana 30, kuma nawa suka bari a aljihunka bayan an cire kuɗin kyauta. Yawan buɗe manhaja ba ciniki ba ne.

Lambobin waya da tarihin sayayya da za ka tara kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 a Najeriya. Ka nemi izini, ka faɗi abin da za ka yi da su, kada ka sayar. Saƙon tuni ma a yi shi da ƙa'ida. “Saura hatimi ɗaya ka karɓi farantinka” saƙo ne da ake maraba da shi. “Mun yi kewarka” sau uku a mako yana kai mutum ga rufe sanarwa gaba ɗaya.

Wa ya dace da wanne

Mai gidan abinci, gidan burodi, wankin mota, aski ko kantin unguwa, inda ake zuwa duk mako kuma akwai riba mai kauri a kan kaya: hatimi ko maki bisa kuɗin da aka kashe, da kyautar farko da za a iya kaiwa cikin wata ɗaya, da wa'adin wata shida a rubuce tun ranar farko. Lambar waya ta isa rajista. Kada ka tilasta wa mai ƙaramar itel da wurin ajiyarta ya cika ya sauke manhaja kafin ya samu.

Mai sayar da data, katin waya ko biyan kuɗin wuta, inda riba siririya ce: kada ka yi tseren kashbak da masu kuɗin ƙonawa. In dole ne, ƙaramin kaso da bai kai ribarka ba, mai rufi, wanda ba a cirewa. Saurin isar data da saurin mayar da kuɗi in ciniki ya maƙale sun fi riƙe irin waɗannan kwastomomi.

Mai manhajar karatu, hadda, lafiya ko tanadi: jerin kwanaki mai sassauci, wanda ake ƙirgawa da mako, yana aiki babu intanet, kuma yana da ranakun uzuri. Kada ka haɗa shi da kuɗi, domin da zarar ka fara biyan mutum don ya yi karatu, ranar da ka daina shi ma zai daina.

Mai sari da dilolin da suka riƙe masa kasuwa: matakai biyu ko uku, gatansu na hidima, kamar fara ba su sabon kaya da ɗaga musu ƙafa wajen biya. Wanda cinikinsa ya ja baya a ba shi gargaɗi da wa'adi kafin a sauke shi.

Mai sabuwar manhaja da ke neman mutanen farko: tukwicin gayyata da kayanka, ba da tsabar kuɗi ba, na ɗan lokaci, a kuma sanar da ranar rufewa tun a farko.

Mai sayar da abin da ake saye sau ɗaya a shekaru, kamar firij, sola ko kayan ɗaki: babu ɗaya daga cikin shidan nan da zai dawo maka da mutum kafin lokacinsa, sai dai gayyata ta kawo maka wani. Kuɗin da za ka kashe a manhajar maki ka sa shi a garanti da mai gyara da zai zo in an kira.